Abin da Rawayar Sitika Ta Rufe

SHAFI NA 14

Masu cika min waya da "ina ci gaba, ina ci gaba", to ga shi. Ke kuma da kika rubuto kina cewa Auta ta cika zafin kai, wai ai ɗan'uwa ba abin tonawa ba ne, ki daure ki kai ƙarshen wannan shafin sannan ki dawo mu yi magana. Ni dai ina rubuta shi ina tsaki.

*

Sha ɗaya da 'yan mintuna Auta ta tsayar da motar ofis a ƙofar kamfanin yayanta, ko gyara fakin ba ta yi ba. Shekararta tara a hukumar da ke bin kayan da ake sayar wa jama'a, tana duba ko an rubuta gargaɗin da doka ta ce a rubuta a jikinsu. Ta garƙame shaguna da kamfanoni har abokan aiki suka laƙaba mata Jan Biro. Amma nan ba ta taɓa takawa da sunan aiki ba. Tun ranar da Yaya ya fara haɗa ruwan wanke masai ta rubuta wa Oganta cewa a cire hannunta daga duk abin da ya shafi kamfanin, tunda ciki ɗaya suka fito. Yau kuma ga ta da kwaɗon hukuma a jaka.

Daga asibiti take. Iya mai shara, wadda ke wanke banɗakunan ofishinsu tun kafin a ɗauki Auta aiki, tana can kwance da robar iska a hanci. Shekaranjiya da safe ta zuba ruwan wanke masai, ta ga dattin ya ƙi fita, ta ƙara bilic a kai, ƙofa a rufe. Ta ƙafa aka janyo ta. Likita ya ce hayaƙin da haɗin ya tayar ya ƙona mata huhu, a dai yi ta addu'a.

Robar da Iya ta yi aiki da ita tana cikin jakar Auta. Ɗazu a bakin gadon ta sa farce ta ɗaga wata rawayar sitika da ke jikinta, mai cewa SABO, ƘARFI NINKI BIYU. A ƙarƙashi sai ga hoton hannu ruwa yana cin sa, an kewaye shi da jan zane, ga kuma layi guda da manyan baƙaƙe: KADA A HAƊA DA BILIC, YANA TAYAR DA HAYAƘI MAI KISA. Iya tana karatu sarai, har jarida take karɓa wurin masinja. Abin karantawar ne aka rufe mata.

A hanya Auta ta so ta kira Mama, ta fasa. Ta san abin da za ta ji: ki bi yayanki a hankali. Kuma Mama ba a musu da ita a waya. Idan ta gama faɗin nata sai ta katse, ta jefa wayar cikin durowa ta kama harkar gabanta, ko za ka shekara kana kira.

Ba ta bi ta ƙofar ofis ba. Ta zaga ta gefe, inda take jiyo rediyo da hirar mata.

Warin ne ya fara tarbar ta, mai yaji, har cikin maƙogwaro. Dogon ɗaki ne, taga ɗaya, fanka tana juya zafi. Mata shida a kan benci, robobi jere a gabansu, kowacce da naɗin rawayar sitika a cinya. Matar Yaya tana tsaye a kansu da takunkumi a hanci da safar hannu har gwiwar hannu. Ita kaɗai ce mai su.

"A'a, Auta? Ke ce da tsakar rana?" Ta janye takunkumin tana dariyar da ba ta wuce haƙora ba. "Ki zago ta ofis mana, nan ai wari."

"Nan nake son gani, Anti."

"Me za ki gani? Aiki ne kawai."

Idon Auta yana kan hannun babbar cikin matan, wata dattijuwa da ke kusa da ƙofa. Matar takan ɗauki roba, ta ɗora mata wani yankakken kwali mai rami a tsakiya, ta manna sitika ta cikin ramin, ta goga da babban yatsa, ta tura gaba. Ko kallon robar ba ta yi, hirarta take sha.

"Sannu da aiki, Baba. Wannan kwalin na mene ne?"

"Yawwa, 'yata. Ma'auni ne." Ta miƙa mata da fara'a, irin ta wanda aka yaba wa sana'arsa. "Kin ga, sai ki daidaita ƙasansa da gindin roba, ramin zai faɗa daidai wurin da ake so. Da can da ido muke yi, sai jan zanen nan ya riƙa leƙowa ta gefe, Yallaɓai ya yi ta faɗa, a sa mu ɓare mu sake. Tunda aka yanka mana wannan ba a ƙara samun kuskure ba."

"Wa ya yanka?"

"Madam ce, da almakashinta. Kowa da nata."

"Ke dai baki gare ki," in ji matar Yaya. "An tambaye ki tarihi?"

Auta ta juya kwalin a hannunta. Gefensa ya yi laushi, ya yi baƙi don yawan riƙo, har an bi bakin ramin da salatif don kada ya yage. Wannan ba aikin jiya ba ne. Mutum ya zauna, ya ɗauki rula, ya auna faɗin gargaɗin da tsawonsa, ya ƙara ɗan kaɗan don kada ko wutsiyar harafi ta fito.

"Baba, kun san abin da ke rubuce a wurin da kuke rufewa?"

"An ce mana mai buga takarda ne ya yi kuskure."

"Mu ga hannunki."

Dattijuwar ta buɗe tafinta. Kan yatsun duk ya saɓule, ya yi fari-fari, wani wurin ya tsage. Ruwan da ke ɗiga a jikin robobi ne yake cin su kullum. Hannun da ke cikin hoton ke nan, ga shi a gabanta da rai, shi kuma aka sa yake rufe hoton.

"Sabo ne, 'yata," in ji matar. "Idan aka shafa mai yana lafawa."

Auta ta saka kwalin a jaka.

"Ke, ajiye mana kayan aiki," in ji matar Yaya.

"Ya zama shaida, Anti."

"Shaidar me? Auta, ni kike gaya wa shaida? Ni da na yi miki kitso kina zubar da majina?"

"Me ake yi ne a nan?"

Yaya ne a bakin ƙofa, waya a hannu, ya cika ƙofar da jikinsa da turarensa. Da ya ga rigar aiki a jikin ƙanwarsa sai fuskar ta ɗan motsa, ya yi maza ya gyara ta.

"Autar Mama. Zo mu je ofis, kada warin nan ya kama miki kaya."

Ofishin yana da sanyi, ga labule mai kauri, ga kujeru masu laushi. A bayan teburinsa akwai kanta, an jera robobi goma sha biyu suna ƙyalli, kowacce da gargaɗinta a fili, jan zanen kamar yau aka buga. Nan ake zaunar da jami'an hukuma idan sun zo dubawa, a kawo musu abin sanyi, a sauko musu da roba daga kanta su duba.

Auta ba ta zauna ba. Ta ciro robar Iya ta dangwara a kan tebur, sitikar a ɗage tana reto.

Yaya ya ɗauka, ya juya ta, ya duba gindinta.

"A ina kika samo wannan?"

"A banɗakin ofishinmu."

"Ofishinku?" Ya haɗe gira. "Ba zai yiwu ba."

"Iya mai shara tana asibiti, Yaya. Ta haɗa shi da bilic. Huhunta ya ƙone, ba a san ko za ta tashi ba."

Ta tsaya tana jiran ya ce wani abu. Ko "Allah ya ba ta lafiya", ko "wace ce Iya", ko dai ya sunkuyar da kai. A'a. Ya buɗe ƙofa ya ƙwala wa direbansa kira.

Direban ya shigo da hula a hannu, dattijo mai furfura a gemu, yana raɓe-raɓe.

"Katan ɗin da na ce ka kai wa hukuma kyauta ranar Litinin, daga ina ka ɗauka?"

"Daga sito, Yallaɓai."

"Na san daga sito. Wane layi? Ban ce maka mai jan ɗigo ba? Shekara nawa muna wannan? Mai ɗigo na ofis, marar ɗigo na kasuwa."

"Ai makar da muke ɗiga jan ɗigon da ita ce ta bushe, Yallaɓai. Satin nan babu ɗigo a kan ko ɗaya. Na tambayi Madam ta ce in ɗauki na hagu, ni kuma ta ƙofar baya na shiga, to hagun nawa..."

"Hagun naka. Ji min sakarci."

"Daga nan dai na ɗebi duka..."

"Rufe min baki. Fita, zan neme ka."

Direban ya ja da baya, ya tsaya a bakin ƙofa kamar mai sauran magana, Yaya ya harare shi, ya fice.

Yaya ya juyo yana girgiza kai, ya nuna robar da yatsa.

"Kin gani ko? Kuskure ne. Wannan ba naku ba ne, na kasuwa ne. Da tsohon nan ya kai abin da aka ce ya kai, da duk haka ba ta faru ba. Ki yi haƙuri, zan aiko muku da na ainihi yau ɗin nan, a kwashe waɗancan."

Auta ta daɗe tana kallon sa. Wannan ne mutumin da ya riƙa goya ta a wuya ya kai ta makaranta bayan rasuwar mahaifinsu. Bakin nan ne ya koya mata karatu. Yanzu ji take kamar ta matsa baya kada numfashinsa ya taɓa ta.

"A kwashe su a kai ina?"

"A mayar kasuwa mana."

"Su na kasuwa ba huhu ne da su ba?"

"Kada ki juya min magana."

"Ban juya ba, Yaya, yadda ka faɗe ta na ɗauka. Mace tana can tana jan numfashi kamar ana zuƙe ruwa a gindin kofi, kai abin da ya ɓata maka rai maka ce ta bushe."

Ya zauna, ya jingina, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Idan Yaya zai kare rashin gaskiya, a natse yake yi, kamar malami a aji.

"Zauna in fahimtar da ke, tunda ke ba ki taɓa sayar da ko allura ba. Wata shida na yi da hoton hannun nan a fili. Kin san abin da matan kasuwa suka ce? Wai wa zai kai wa iyalinsa abin da ke ruɓar da hannu. Kayana suka kwanta, na wasu da ba su rubuta komai ba suna tafiya. Ga ma'aikata, ga iyali, ga Mama. In rufe in zauna?"

"Ka kawo ƙarar waɗancan, in je in rufe su."

"Ki rufe nawa? Kuma ni ban karya doka ba. Ta ce a buga gargaɗi, na buga. Ga shi nan a jiki, da kuɗina."

"Ta ce ya kasance a fili inda mai saye zai gani. Ni na karanta maka wurin, a falon Mama, kana cin gyaɗa kana cewa to, to."

"Auta, mu bar yaudarar kai. Wa yake karanta jikin roba? Mutum zai saya ya zuba ya wuce."

"Iya tana karantawa. Mama tana karantawa."

Wannan kam ba mai musu a gidansu. Mama ko takardar da aka ƙunso magani ta samu sai ta ɗauko tabarau ta bi ta layi-layi. Mace ce kuma mai son bilic kamar me, tsumma bilic, kwano bilic, ƙasan ɗaki bilic. Abin da ya hana ta zuba shi a masai tun da Yaya ya fara aika mata kayansa, layin nan ne guda ɗaya da ta karanta. Har mita take yi, wai ruwan Yaya mai kishi ne, ba ya son abokin aiki.

Yaya ya yi 'yar dariya.

"Mama ai mai ɗigo nake aika mata. Mahaukaci ne ni?"

Shi kansa ya ji abin da ya fito daga bakinsa, don ya kai hannu ya gyara wuyan rigarsa da ba abin da ya same shi.

"Ashe ka sani," in ji Auta a hankali. "Ina ta nema maka uzuri tun daga asibiti. Na ce ko bai san ƙarfin abin ba, ko mai buga sitika ne ya cuce shi. Ashe ka san yana kisa, ka ware wa uwarka nata, ka tura wa uwayen mutane sauran."

"Ki iya bakinki. Ni ba sa'anki ba ne."

Ta buɗe jaka ta ciro kwaɗo, da jan tef, da littafin takardar rufewa. Ta cire murfin bironta.

Matar Yaya, wadda tun ɗazu take laɓe a bayan labule, ta faɗo ɗakin.

"Me nake gani? Kwaɗo? Yanzu Auta kamfanin yayanki za ki sa wa kwaɗo? Wallahi an ji kunya. Me za a ce a dangi?"

"A ce abin da aka ga dama, Anti. Ki je ki sallami matan nan, ki ce su wanke hannu da ruwa mai yawa kafin su tafi."

"Kana jin ta? Kana zaune?"

Yaya bai motsa ba. Murmushi ma yake yi. Ya jawo durowa ya ciro wata takarda da aka like da leda, ya tura mata a kan tebur da yatsa biyu.

"Kafin ki ɓata tawada, duba wannan."

Shaidar hukuma ce ta bana, mai cewa an je an duba kayan kamfanin, a kanta da kasuwa, an samu gargaɗi a fili yadda doka ta tanada. Ga hatimi. A ƙasa ga sa hannu da jan biro, mai doguwar wutsiya da ta lanƙwasa ta koma sama.

Hannunta ne. Ba kwaikwayo ba ne, nata ne.

"Ban taɓa..."

Sai ta tuna. A ofishinsu idan fayil ya taru, sakatariya takan naɗe kowace takarda ta bar layin sa hannu kawai a waje, don aiki ya yi sauri. Kowa haka yake yi, ka zauna ka yi ta zana hannu kana hira. Wata huɗu da suka wuce Oga ya leƙo da tarin fayil a hammata. "Jan Biro, taimaka ki sa min hannu a waɗannan, duk na duba su, mitin zan shiga." Ta karɓa ta sa, tana cin biskit, har tana jin daɗi Oga ya yarda da ita.

"Shawarar Oganki ce," in ji Yaya. "Mutum ne mai hangen nesa. Ya ce duk ofishin ke kaɗai ce matsala, amma idan hannunki yana ciki, an huta. Kin karanta kafin ki sa?"

Ta sunkuyar da kai kan takardar.

"To kin gani. Ba wanda yake karantawa, har ke."

Matar Yaya ta tuntsire da dariya ta tafa hannu.

Auta ta ƙyamaci Oga da tumbinsa da "Jan Biro, Jan Biro" ɗinsa. Ta ƙyamaci ofishin da ke karɓar kyautar katan daga wanda aka ce ya sa wa ido. Amma wadda ta fi ƙyama a lokacin ita ce matar da ta zauna tana cin biskit tana zana hannu a kan takardar da aka naɗe. An rufe wa Iya da sitika, ita an rufe mata da naɗi, sai dai Iya ba a biyan ta albashi don ta ɗaga ta duba.

"Idan kika sa kwaɗon nan," in ji Yaya, murya ƙasa-ƙasa, "tambayar farko da za a yi ita ce wa ya ba da shaida. Oganki zai ce bai san zancen ba. Za a ce ƙanwa ta sa wa yayanta hannu a ɓoye, bayan ta rubuta cewa ba ruwanta. Aikinki ya tafi, sunanki ya tafi, ƙila ma mu haɗu a gaban alƙali a benci ɗaya. Ki mayar da tarkacenki jaka. Ita matar, a gaya min asibitin, zan aika da wani abu."

"Wani abu."

"Eh mana. Ni ba mugu ba ne."

Auta ta jawo kujera ta zauna, karo na farko tun shigowarta. Matar Yaya ta kalli mijinta ta kashe ido, wato an gama.

Auta ta buɗe littafin, ta saka takardar kwafi a tsakani, ta fara rubutu. Kwanan wata. Irin kaya. Laifi: rufe gargaɗi da gangan. Shaida: roba ɗaya, kwalin ma'auni ɗaya. Umarni: a dakatar da aiki, a janye duk abin da ke kasuwa. Da ta iso layin da ke cewa jami'in da ya ba da shaidar baya, ta ja numfashi ta rubuta sunanta cikakke. A gefe ta ƙara: ya sa hannu bai je ba, bai karanta ba.

Ta yage kwafin ta ajiye masa a kan takardarsa mai leda.

"Wannan ka karanta shi, Yaya."

Ya karanta. Murmushin ya zube.

"Kin haukace."

"Ƙila. Minti goma na ba ku, kowa ya fita."

"Kanki za ki kashe don mai shara?"

"Da sunanta, sai dai ba ka tambaya ba."

Ya miƙe tsaye har kujerar ta bugi kanta, robobin baje koli biyu suka faɗo. Ya nuna ta da waya, sai kuma ya sauke hannun. Ya tuna makamin da bai taɓa ba shi kunya ba tun suna yara.

"Shi ke nan. Bari in kira wadda ta isa da ke."

"Kada ka sa Mama a wannan ƙazantar."

"Ai sai ta ji. Ta ji abin da autarta take yi wa ɗanta."

Ya danna, ya buɗe lasifika, ya ajiye wayar a tsakiyar tebur. Ta yi ta ƙara har ta kusa katsewa. Gidan Mama yana can ƙarshen gari, tafiyar minti arba'in idan hanya ta yi kyau, kuma da rana ita kaɗai ce a ciki.

"Wai wane ne?" Muryar Mama ta fito da ƙarfi, ana jin ruwa yana zuba a bokiti.

"Ni ne, Mama. Ina wuni. Mama, ga Auta nan ta zo..."

"Yawwa, gara da ka kira, da ma ina son in yi maka godiya. Sabon ruwan nan da direba ya kawo min ranar Litinin, yau na buɗe shi. Ashe kun gyara."

"Mun gyara me?"

"Kishin nan mana. Na sa tabarau na duba gaba da baya, babu wancan rubutun na kada a haɗa. An ce sabo, ƙarfi ninki biyu. Na ce kai, yaron nan ya ji kukana. Allah ya yi maka albarka."

Auta ta miƙe. Ta ga jinin fuskar Yaya yana sauka.

"Mama, saurara..."

"Yanzu haka na zuba shi a masai, na ja ƙofa saboda ƙudaje, bilic ɗin na fito ɗauka na ji waya. Bari in je kada ya bushe. Ka gaida Autar, ku daina faɗa."

"Mama, kada ki haɗa!" Yaya ya kifa kan teburin da hannu biyu, bakinsa a jikin wayar. "Kada ki haɗa da bilic! Yana tayar da hayaƙi, Mama, yana kisa!"

Kalma da kalma, yadda aka buga a jikin robar. Sai dai fuskar wayar ta riga ta yi duhu.

A bakin ƙofa direba yana tsaye yana murza hularsa.

"Abin da nake son faɗa ɗazu ke nan, Yallaɓai. Katan biyu ka ce in kai ranar, na hukuma da na Mama. Duka daga layi ɗaya na ɗeba."

Yaya ya sake dannawa, yatsansa yana zamewa. Tana shiga. Ba a ɗauka. Ya sake.

Auta ta riga ta fizgi makullin mota ta yi waje, kwaɗon yana nan a kan tebur a buɗe. Ba ta ɓata lokacin kira ba. Ta san inda wayar take, tana cikin durowa.